Ranar da Direbobi Ke Tafiya Shuka

Sun ce ba ya yiwuwa. Dattawan unguwarmu a Tibiri sun faɗa, abokan aikina sun faɗa, har sufeton makarantu na Agiye, mutumin da ba ya furta magana sai ya auna ta, ya zaunar da ni a buro, wato ofishinsa, ya faɗa mini: mutum ɗaya ba zai riƙe lakol, wato makarantar boko, a Gangara kuma ya riƙe gandun ubansa a Tibiri ba. Ko dai ya ajiye alli ya koma gona, ko ya sallama wa ƙannensa gona ya tsaya ga alli. Na saurare su duka da ladabi, domin a zamanin da aka karantar da mu yaro ba ya katse babba, ko da yana ganin babban bai yi daidai ba. Ban yi gardama da kowa ba. Na ɗauki jakata na tafi tasha.

Gandun nan gona ce guda a arewacin gari, wadda kakanmu ya sare da hannunsa. Tun daga lokacinsa ba a taɓa ja mata iyaka a tsakiya ba. Mu da matanmu da ƴaƴanmu rumbu ɗaya muke buɗewa. A gidanmu kuma akwai ƙa'idar da ban san farkonta ba: idan ruwan shuka ya sauka, babu mai saka sungumi a ƙasa sai maigida ya yi bisimilla ya yi saran farko. Bayan nan ne maza za su jeru su bi shi da sara, mata da yara su biyo baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Mahaifina ya yi haka har ƙarfinsa ya ƙare. A ciwonsa na ajali ya sa aka kira ni, ya ce:

"Kai ne babba. Aikin gwamnati naka ne, ban hana ka ba. Amma saran farko kada ka bar ma kowa. Ran da wani ya riga ka, kowa zai tuna yana da hannu, kowa zai nemi nashi."

Na ce, "Na ji, Baba."

Kayan da na ɗauka ke nan, kuma da shi na yi ta kai da komowa shekara da shekaru.

Daga Gangara sai mutum ya ratsa rairayi ya fito kwalta, ya bi Agiye, ya bi Cadawa, ya shiga Maradi, ya sake mota zuwa Tibiri. A taswirar da ke rataye a ajina tafiyar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. A ƙasa kuwa tana iya cin yini, wani lokaci yini da kwana. Motocinmu na kasuwa ne, ruwansu da agogo kaɗan ne. Inda kasuwa ke ci a ranar, can duk suke dosa da safe, daga can suke dawowa da marece, ni kuwa sau da yawa inda suka baro nake nufa. Mota ba ta tashi sai ta cika, kuma cikarta a bakin direba take. Na sha zama a gidan gaba, inda ake ajiye ma'aikaci don girmamawa, ina gyara aikin ɗalibai a kan gwiwa, a bayana ana hira ana dariya ana fasa goro. Idan na waiwaya sai a yi shiru, wani ya ce, "Sannu, Mushe," wato Malam a bakin Faransanci. Idan ta mutu a hanya kowa yakan sauka ya tura, ni sai a nuna mini inuwa kada tufafina su ɓaci. Girma ne suka ba ni, na kuma karɓa. Sai dai mutum yana iya ƙarar da rabin rayuwarsa a gidan gaba bai san sunan waɗanda ke zaune bayansa ba.

Iyalina na bar su a cikin gida a Tibiri, domin maigidan da ya kwashe matarsa da ƴaƴansa ya riga ya fita gandu ko bai faɗa ba. A Gangara ɗaki ɗaya gare ni a bayan lakol, da tabarma da fitila da rediyo. Nakan je gida ranar Asabar idan hanya ta yarda, in juyo Lahadi. Ƴaƴana sun tashi suna durƙusa mini irin gaisuwar da ake yi wa baƙo mai daraja. Su karɓi jakata su kai ɗaki, su koma wajen ƙanena su ci gaba da wasansu.

Duk wannan na iya da shi. Mai wuyar ita ce ranar shuka.

Direbobinmu manoma ne. Ƴan kamashon tasha manoma ne, mai shayi manomi ne, mai facin taya manomi ne. Washegarin ruwan shuka, duk wanda ke da gona ko da ba ta wuce faɗin tsakar gida ba yana cikinta tun asuba, domin laima ba ta daɗewa a rairayinmu. Saboda haka ranar da na fi bukatar mota a duk shekara ita ce ranar da babu mota. Takan faɗo kuma daidai lokacin da ƴan ajin ƙarshe ke shirin jarrabawar sartifika, lokacin da direktan lakol irina ba shi da ikon yin ko zazzaɓi. Na yi yarjejeniya da sufeto a kan yini ɗaya a shekara: in bar lakol a hannun mataimakina, in rama darussan a ranar hutu. Ya yarda, ya raka ni har bakin ƙofa yana girgiza kai.

Akwai kuma wuyar sanin ranar. Ruwa ba ya sauka wa ƙasa duka lokaci guda. Yana iya jiƙa Gangara sharkaf ya bar Tibiri a bushe. A shekarun farko babu salula. Na koyi tsayawa bayan lakol da marece ina duban yamma, ina ƙiyasta inda hadari ya tsaya, ina tambayar Fulani masu wucewa da shanu inda suka baro danshi. Wata shekara na ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin, walƙiya tana ta yi daidai inda na ɗauka Tibiri take. Da asuba na kama hanya. Da na isa Maradi na tarar da motocin garinmu jere a tasha, na ce lallai Allah ya dube ni, ban tsaya na tambayi kaina abin da ya hana direbobin tafiya gona ba. Na isa gida na iske ƙannena zaune a zaure suna tufkar igiya, ƙasa busasshiya ƙamas. Wanda ke bi na ya dube ni, ya leƙa sama, ya ce:

"Yaya, lahiya? Ko ruwan ne ka taho muna da shi cikin jaka?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na sha fura na juya. Bayan kwana kaɗan ruwan ya sauka, na koma wurin sufeto na roƙi yini na biyu, abin da ban taɓa yi ba kafin nan ko bayan nan.

Sauran shekarun kuwa na isa. Na isa a amalanken shanu, na isa a bayan babbar mota a kan buhunan albasa, na isa da ƙafata. Wani lokaci da hantsi, wani lokaci rana ta kusa tsaka. Nakan hango su daga nesa zaune a bakin gona, maza da sunguma a kan cinya, mata da ƙoren iri a gabansu, gonakin maƙwabta kuwa an riga an yi nisa da shuka. Ba na shiga gida. A nan zan tuɓe takalmi, in naɗe wando, a miƙo mini sungumi. Idan na yi bisimilla na sara, sai in ji gidanmu duka ya taso a bayana, ƙafa bayan ƙafa, har da muryar matata tana tsawata wa yara su rage yawan irin da suke zubawa. A wannan yinin babu mai ce mini Mushe, babu mai nuna mini inuwa. Ina faɗin gaskiya, saboda wannan yinin nake jure sauran shekarar.

Amma jira yana da nauyi a kan mai jira, na san da haka. Wata Lahadi cikin bazara ƙanen nan nawa mai bi na, wanda shi ke tsaye a kan noman gandun tun daga huɗa har girbi, ya same ni a zaure ya zauna nesa kaɗan.

"Yaya, da wata magana. Mutane yanzu binne suke yi. Ka zo ran Lahadi irin ta yau, ka yi saranka ga busasshiyar ƙasa, mu binne iri, ruwa ya iske shi ciki. Kai ka huta da hanya, mu mu huta da kallon hanya."

Na ce masa Baba bai taɓa yin binne a gandu ba. Idan yayyafi ya sauka wanda bai kai ba, iri ya tsiro ya ƙone, kuma irin gida guda ba abin gwaji ba ne. Har yau ina ganin amsar daidai ce. Ya ce, "To, Yaya," ya tashi. Bai sake tayar da zancen ba.

A shekarar da nake son in ba da labarinta salula ta riga ta zo. Ina shirin fita sallar asuba ta yi ƙara.

"Yaya, an yi ruwa. Ya kai shuka, na haƙa na gani."

"Ga ni nan tafe. Ku jira ni."

"Muna jira. Amma iska ta taso, Yaya, ka yi ƙoƙari."

Ruwan na wannan karon bai zaɓi gari ba. Ya sauka tun daga gabas har yamma. Ɗalibaina kaɗan ne suka zo, sauran suna gonakin iyayensu. Na tsaya aka ɗaga tuta, na ba mataimakina aikin da za a yi a allo, na fita. A Gangara babu mota, babu babur. Na kama hanyar rairayi da ƙafa, takalmina a hannu, jakata a kafaɗa.

Ban taɓa manta wannan tafiyar ba. Dama da hagu, iyakar ganin ido, gonaki ne cike da mutane. Kowane gida ya fito da nasa, tsoho a gaba, samari a gefensa, mata da yara a baya, suna tafiya a jere suna komowa a jere. Ƙasa tana ƙamshi. A kan hanya kuwa babu kowa sai ni. Wasu sukan ɗaga kai su ce, "Sannu, Direkta, ina zuwa haka ranar shuka?" In ce, "Shuka." Su yi dariya, suna tsammanin wasa nake yi.

Kafin in fito kwalta na hango wata mota da na sani an ajiye ta a gindin bishiya. Mai ita wani direba ne ɗan Agiye da ya daɗe yana ɗauka ta, mutum mai barkwanci, wanda shi kaɗai a duk tashoshin nan ba ya jin nauyina. Yana cikin gonarsa da sungumi. Na tsaya a bakin gonar na yi masa sallama.

"A'a, Bagobiri! Yau an kama ka a ƙasa. Ina gidan gaban?"

"Gidan gaban yana gindin bishiya. Ka tashe ta ka kai ni Maradi, ka dawo kafin azahar."

"Yau ko gwamna ne sai ya taka sayyadarsa. Mota na hutu, mai mota na aiki."

"Rabin yini kawai nake roƙo."

Ya dogara da sungumin ya share zufa. "Mushe, kai da ke gudu ka tahi ka shuka taka, ni kake so in bar tawa? In na ba ka rabin yini, wa zai ba ni laima?"

Maganata ce ya mayar mini. Na yi masa fatan albarka. Har na yi nisa ya ɗaga murya ya ce in na isa in gaishe da Gobirawa, in ce masu su riƙa saka iri a ramin, ba labari ba.

Tashar Agiye na tarar da ita wayam. An kife bencin mai shayi a kan teburinsa, awaki suna kwance a rumfar ƴan kamasho. Na zauna a bakin kwalta. Manyan motocin da ke fitowa daga Damagaram suna wucewa da gudu, irin waɗanda ba sa tsayawa sai a tasharsu. Nakan miƙe in ɗaga hannu, iskarsu ta kaɗa mini riga, in koma in zauna. Mutum mai furfura, direktan lakol, yana ɗaga hannu kamar mai bara. Salula ta yi ƙara, na ce ina Agiye. Ƙanena ya ce, "To, Allah ya kawo ka."

Rana ta yi sama sosai kafin wata babbar mota mai ɗauke da siminti ta tsaya. Na hau baya. Ta wuce Cadawa lafiya, har na fara lissafin cewa zan yi azahar a gona. Sai muka iske motoci sun yi layi. Ruwan daren ya cika wani kwari ya haura kan hanya, ya ci gefen kwalta, jandarmomi sun tsare kowa sai ya janye. Na sauka na je na gaishe da babbansu, na gaya masa ko ni wane ne da abin da ke gabana. Ya ce mota ba za ta wuce ba, amma bai ga dokar da ta hana mutum jiƙa wandonsa ba. Na ɗora jaka da takalmi a ka, na shiga. Ruwan ya kai mini ƙugu, yana ja, ƙasan kuma santsi. Na haye. A wancan gefen na ciro salula in gaya masu na kusa, na tarar ruwa ya shige ta a aljihu, ta mutu.

Daga nan wani mai kabu-kabu ya kai ni Maradi, daga Maradi wani ya kai ni mararrabar garinmu, sauran na ƙarasa da ƙafa. Na yi sallolina a hanya. Lokacin da na hango gandun, la'asar ta yi sanyi.

Babu kowa a bakin gona. Na matsa na ga sawu. Layi bayan layi, tun daga kudu har arewa, ramuka a rufe da shaidar diddige a kan kowanne, manya da ƙanana. An gama. A gindin gawon da ke tsakiyar gonar, wanda ya fara zubar da ganye, ƙanena yana zaune shi kaɗai, da sungumi a gefensa da ƙoƙon iri. Ya taso ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba.

"Yaya, sannu da hanya. Mun jira har rana ta raba tsaka. Mun yi ta kira ba ta shiga. Iska na shan ƙasa muna kallo, samari suka fara magana."

"Wa ya yi saran farko?"

"Ni na yi."

Bai sunkuyar da kai ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya nuna gabas da hannu, inda aka bar wani yanki siriri ba a taɓa ba.

"Mun bar maka nan."

Na dubi wurin. A gandu ba a bar wa mutum wuri. Wanda aka bar wa wuri, an riga an san inda nasa ya fara da inda ya ƙare. Ban ce masa haka ba, domin ya sani.

Na ajiye jaka na karɓi sungumin. Ya ɗauki ƙoƙon zai bi ni da iri, na ce ya ajiye ya tafi gida, ya gaji. Ya ce, "Yaya," na ce ya tafi. Ya tafi yana waiwaye.

Shuka aikin mutum biyu ne aƙalla, mai sara da mai rufewa. Na yi bisimilla na sare layi har ƙarshe, na jingine sungumi, na dawo farko na ɗauki ƙoƙo, na bi ramukan ina jefa iri ina rufewa da diddigena. Na sake ɗaukar sungumi. Haka na yi ta yi, wandona yana bushewa a jikina, babu motsin kowa a bayana sai na tsuntsaye. Saman ƙasar ya bushe, amma idan sungumi ya shiga akwai sauran danshi. Na gama kafin a kira magariba.

A gida matata ta kawo mini ruwa da tuwo, ta zauna a bakin ƙofa. Washegari motoci sun cika tasha, har ana rige-rigen fasinja. Na zauna a gidan gaba. Ƴan ajin ƙarshe sun same ni a gaban allo kafin a tashi.

Bayan girbi ƙannena suka nemi a zauna. Aka kira dattawan unguwa, aka yi addu'a, aka taka gandun da igiya. Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba. Gidanmu ba a san shi da wannan ba. Rabona ya fara daga yankin gabas ɗin nan. Kowa ya gina rumbunsa.

Yanzu na ajiye aiki, na dawo Tibiri. Babura sun cika gari, mutum yana ɗaga hannu uku za su tsaya. Ƴaƴana suna birane, sukan kira su tambayi lafiyata. Idan ruwan shuka ya sauka ina gonata tun kafin rana ta fito, babu wanda ke riga ni, babu kuma wanda ke jira na. Ina jin muryoyin gidan ƙanena daga ƙetaren iyaka, mukan ɗaga wa juna hannu.

Ban riƙe kowa a zuciya ba. Abu ɗaya ne ba na yarda da shi. Na lura idan ana zancen rabon gandun, a zaure ko wurin suna ko zaman makoki, sai a ce, "shekarar nan da Mushe bai zo shuka ba." Jikokin gidan sun fara faɗin haka su ma, waɗanda ba a haifa ba a lokacin. Idan na yi shiru, haka za ta zauna bayan raina.

Saboda haka ina so a rubuta, a kuma karanta wa duk wanda ya tambaya: ranar Laraba ce, tara ga watan bakwai na lissafin manoma, shekara biyu kafin in ajiye aiki. Na zo. Na iso gandun mahaifina tsakanin la'asar da magariba, kuma da sauran laima a ƙasa.